Buzun Malam Mika'ilu

Ranar wata Laraba ce, bayan la'asar sakaliya, ina tattara kayan aiki zan rufe shagona a Tukur-Tukur, sai Zakiyya ta kira ni a waya. Tare muka yi makarantar koyon kwamfuta da ita, ni na tsaya a gyara, ita ta samu aikin ofis. Ta ce kwamfutar gidansu ce ta ƙi buɗewa yau kwana uku, kuma kakarta ta hana kowa sakat, ta ce lallai a gyara ta yau. Na tambaye ta me take yi in an kunna. Ta ce tana kawowa har wurin sa lambar sirri, in an sa sai fuskar ta yi baƙi kamar za ta shiga, can sai ta dawo da mutum inda ya fara.

Na yi dariya, don wannan ciwo na san shi kamar yunwar cikina. Linux ne a kan kwamfutar, wato tsarin da ke tafiyar da ita, ni na ɗora mata shi da hannuna shekara biyu da suka wuce, saboda kwamfutar tsohuwa ce, ba ta iya ɗaukar abu mai nauyi. In ka ga Linux yana ta mayar da mutum bakin ƙofa haka, galibi cikin kwamfutar ne ya cika maƙil, ba ta da wurin ajiye ko harafi ɗaya. Aikin minti goma ne. Na ce ta kawo ta shago gobe da safe. Ta ce ba a fitar da ita daga ɗakin da take. Ban tambayi dalili ba. Cikin birnin Zariya kowane gida da dokarsa, in ka ce sai ka bi diddigi ba za ka yi aiki ba.

Na hau babur na nufi Ƙofar Gayan. An yi ruwa da hantsi, lunguna duk sun yi caɓi, katangun ƙasa suna fitar da ƙamshin nan na damina. Hayaƙin itace ya fara tashi daga gidaje. Na jingine babur a bakin zaure, na yi sallama, Zakiyya ta shigar da ni.

A tsakar gida na tarar da kakar tata, Iya Hajo, zaune a kan kujera 'yar tsugunno da carbi a hannu. Ƙaramar tsohuwa ce, amma idonta tar yake, ko da yake ya yi ja kamar na wadda ta kwana biyu ba barci. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta tambaye ni komai kan kwamfuta ba, sai ta ce ɗan wa ne ni. Na ce Rilwanu ne, ɗan marigayi Malam Muhsin na Ƙofar Kuyambana. Ta daina jan carbin. Ta ce ta san mahaifina, a wannan gida ya yi wani karatun nasa. Sannan ta tambaye ni ko na yi karatu a gabansa.

Na ce na ɗan taɓa. Gaskiyar magana, ina shekara goma sha huɗu na gudu daga zauren mahaifina. Ya yi lallashi, ya yi dorina, ya yi addu'a, duk a banza. Ni kwance rediyo da agogo ya fi min daɗi. Har Allah ya ɗauki ransa bai daina jin ciwon abin ba, ni ma har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji Iya Hajo. "Ka yi sallama in za ka shiga. Ka kuma yi ƙoƙari ka gama kafin a kira magariba."

Muna tafiya can ƙuryar gida Zakiyya ta ba ni labarin ɗakin a gurguje. Ɗakin karatun kakanta ne, Malam Mika'ilu, mijin Iya Hajo. A cikinsa ya rasu shekara bakwai da suka wuce, tsakanin magariba da isha, aka same shi zaune da littafi buɗe a gabansa. Littafin rubutun hannu ne na kakan shi kansa Malam. Tun daga ranar Iya ta hana a rufe shi, ta hana a juya shafin. Daga baya rufin ɗakin ya yi yoyo, gara ta gama da abin da ruwa ya bari. Allah ya taimaka Zakiyya ta riga ta ɗauki hoton littattafan ɗakin duka shafi-shafi ta zuba a kwamfutar. Shi ne Iya ta sa aka kawo kwamfutar ɗakin, aka haɗa ta da batirin sola, aka bar ta kunne da wannan shafin a fuskarta kullum. Zakiyya ta ce tsufa ne kawai, suna bin ta da shi don a zauna lafiya.

Na tambaye ta ina sauran kwafin hotunan. Ta ce babu, wannan ke nan. Na yi mata faɗa irin na masu gyara, na ce wa ya taɓa ajiye dukiyar gida a tukunya ɗaya. Ta ce ta ji, ta nuna min ƙofa, ta juya ta tafi ta yi alwala.

Ƙofar gajera ce, sai ka sunkuya. Na yi sallamar a ciki-ciki, don kunyar tsohuwa kawai. Ɗakin ginin ƙasa ne mai kaurin bango, da rufin azara, da 'yar taga ɗaya can sama wadda ko kai ba zai shiga ba. Babu kujera. Kwamfutar tana kan wani ɗan gajeren tebur, fuskarta na kallon wata tsohuwar tabarma. A ɗaya gefen teburin, jikin bango, an shimfiɗa buzu.

Na ɗora hannu a tabarmar zan zauna, na ji ta da sanyi kamar an jiƙa ta. Farin wando ne a jikina. Sai na juyo da fuskar kwamfutar, na jawo madannai, na haye buzun na harɗe ƙafa. Busasshe ne, har da ɗumi-ɗumi.

Na sa lambar sirri. Fuska ta yi baƙi, ta dawo. Na sake, ta dawo. To, haka na zata. Na danna maɓallan Ctrl da Alt da F3 tare, baƙin allo ya fito, inda ba hoto ba komai, sai kai da kwamfuta ku yi magana a rubuce. Nan ta bar ni na shiga. Na tambaye ta saura wuri nawa a cikinta, ta ce ɗari bisa ɗari a cike. Na bi sawu ina neman abin da ya cinye wurin. Ba hotunan littattafai ba ne. Kundin nan ne da kwamfuta ke rubuta duk abin da ya same ta, shi ya kumbura ya cinye komai.

Na buɗe ƙarshensa in ga me take ta rubutawa haka. Layi ɗaya ne ake ta maimaitawa: an buɗe shafi na arba'in da ɗaya. An buɗe shafi na arba'in da ɗaya. Na yi sama, shi ne dai. Na yi sama sosai, wata guda baya, shekara guda baya, shi ne. Abin da ya ɗan tsaya min a rai lokutan ne. Kullum daga faɗuwar rana yake farawa, da an kai isha ya tsaya cak, sai kuma gobe. Na ce a raina wataƙila sanyin yamma ne ke sa wani maɓalli ya maƙale. Mai gyara ba ya rasa abin da zai ɗora wa laifi.

Na kwashe kundin na bar shi wayam. Na koma na sa lambar sirri, kwamfuta ta buɗe lafiya lau. Na duba agogo, minti goma sha biyu. Har na fara shirya yadda zan yi wa Zakiyya tsiya.

A lokacin ladanin farko ya ɗaga murya da kiran magariba. Wani ya karɓa daga can gabas, wani daga bayan gida, kamar yadda suke yi a cikin gari.

Da na tashi a nan, da shi ke nan. Amma ina da wata al'ada, ba na barin kwamfuta sai na tambaye ta su wa ke cikinta. Na rubuta tambayar. Ta ce mutum biyu.

Na farko ni ne. Na biyun ba suna, wurin sunan fili ne. Ranar shigarsa kuwa shekara biyu baya.

Na ba da umarni a fitar da shi. Layin ya ɓace. Na sake tambaya. Mutum biyu.

Sai shafin ya buɗe da kansa. Hannuna duka biyu suna kan cinyata.

Rubutun hannu ne baƙi, manyan baƙaƙe, takardar ta yi ruwan ƙasa. Ina kallonsa sai na ji ƙamshin tawada, irin ta gida da ake dafawa da ƙaro. Rabona da wannan ƙamshi tun zauren mahaifina.

Tabarmar ta yi ƙara kaɗan. Tsakiyarta ya lotsa.

Sai murya, ƙasa-ƙasa, daga inda babu kowa. Larabci take karantawa a hankali, da kyakkyawan harshe. Ta karanta rabin layi ta tsaya. Shiru. Ta koma farko ta karanta rabin layin nan. Ta sake tsayawa.

An ce in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na bar jakata, na bar takalmi, na sunkuya na faɗa ta ƙofar.

Na ɗago kai. Tebur ne a gabana, da kwamfuta, da tabarma, da buzu. Ƙofar tana bayana.

Na juya na sake fita. Wannan karon idona a buɗe, ina kallon ƙasa, na ga ƙafata ta tsallake dokin ƙofa. Na ɗago. Ɗakin ne.

Sau uku na yi. A na ukun goshina ya bugi saman ƙofar, na ji jini na bin girata.

Na ƙwala wa Zakiyya kira. Muryata ba ta je ko'ina ba, bangon ya shanye ta. Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Kiran sallar da ya cika gari ɗazu yanzu can nesa nake jin sa, kamar daga cikin rijiya. Hasken 'yar tagar ya koma toka-toka.

Muryar tana nan. Rabin layi, shiru. Rabin layi, shiru.

A nan na yi wautar da na sha hana mutane. Na lallaɓa ta jikin bango, na kama wayar da ta haɗa kwamfutar da batir, na fizge.

Ɗakin ya yi duhu. Muryar ta tsaya.

Na ji numfashina. Na ji ɗigar ruwa daga azara, ɗis, ɗis. Na fara karanta duk abin da ya zo bakina, ina haɗa wannan sura da waccan.

Tabarmar ta motsa. Ana jan ta a ƙasa, a hankali, zuwa inda nake. Ta tsaya daf da gwiwata. Sanyi ya bugi fuskata.

"Allah gafarta Malam," in ji muryar, cikin raɗa. "Littafin."

Ba fushi a cikinta. Da ladabi ta faɗa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Na gane cewa ba inda zan je sai littafin nan ya dawo. Na kuma tuna abin da na yi wa Zakiyya faɗa a kai ɗazu. Kwafi ɗaya ne a duniya, yana cikin kwamfutar da na yanke wa wuta tana tsakiyar aiki.

Na laluba na mayar da wayar. Na danna maɓallin kunnawa. Fanka ta fara juyi. Rubutu ya gudu a fuska, ya gudu, sai ya tsaya a baƙin allo. Ta ce ma'ajiyarta ta samu rauni, ba za ta tashi ba sai an duba ta da hannu.

Wannan ma na san shi, na gyara shi ya fi a ƙirga a garin da ake ɗauke wuta ba sallama. Akwai umarnin da ke bin ma'ajiya yana ɗinke inda ya yage. Haruffa huɗu ne kacal, amma sau uku ina kuskure. Na zauna in daidaita madannai. A kan buzun na sake zama, ban ma lura ba.

Ta fara tambaya. Ta sami ɓarna a nan, a gyara? Na ce e. Ta sami wata, a gyara? E. Na san kowace e da na danna tana iya zama an yanke wani abu an jefar. Ba ni da zaɓi.

Sanyin ya dawo ta kafaɗata ta dama. Wani yana kallon allon tare da ni.

E. E. E.

Ta gama. Ta tashi. Na sa lambar sirri, ta buɗe. Na shiga inda hotunan littafin suke, na gangara. Talatin da tara. Arba'in. Arba'in da biyu.

Na sake dubawa. Arba'in. Arba'in da biyu.

Ɗigar ruwan ta tsaya. Hasken fuskar kwamfutar kansa ya rage, bangon ɗakin ya matso. Ba zato nake ba, gwiwar hannuna ta taɓa bangon da ɗazu yake da tazarar taku guda.

"Littafin," in ji muryar.

Na ce, "A yi haƙuri. A ɗan yi haƙuri." Haka nake ce wa masu kawo gyara, shi ya fito.

Akwai wani lungu a cikin Linux inda mai ɗinkin nan ke zuba abin da ya tsinto bai san gidansa ba. Ba ya sa musu suna, sai lamba. Na shiga can. Guda tara ne.

Na buɗe na farko, shirme. Na biyu, shirme. Na uku, rabin hoto ne, ƙasansa toka. Na duba da kyau, wani shafin ne daban.

Na huɗu. Na biyar. Bango ya taɓa kafaɗata.

Na shida ya buɗe, cikakke, da manyan baƙaƙensa.

Sanyin ya bar kafaɗata. Aka ja tabarma ta koma wurinta. Ta lotsa. Muryar ta karanta rabin layin nan, ta tsaya.

A wannan karon na saurari shirun, sai na gane shi. Na san shi tun ina yaro. A zaure haka ake karatu, ɗalibi ya karanta gaɓa ɗaya ta Larabci ya tsaya, malam ya fassara masa da Hausa, sannan ya ci gaba. Ɗalibi mai ladabi ba ya wuce inda malam bai fassara ba. Ba ya kuma tashi sai malam ya rufe karatu ya sallame shi. Na tuna ana cewa manyan malaman cikin gari suna da ɗaliban da ba a gani, masu zuwa bayan magariba, ina jin haka ina dariya.

A cikin wannan shirun Malam Mika'ilu ya cika. Ɗalibinsa ya karanta rabin layi ya tsaya yana jiran fassara, shekara bakwai ke nan. Duk da tsoron da nake ciki, sai da na ji tausayinsa ya kama ni.

Na sa hannu ƙasa in gyara zama, yatsuna suka shiga cikin gashin buzun. A nan na san wa ake ce wa Allah gafarta Malam.

Na kalli layin. Baƙaƙen na iya haɗa su, amma ma'anar ta fi ƙarfina. Kalma ɗaya na gane, wadda ke nufin ajiya. Da na zauna a gaban mahaifina ko shekara biyu ne, da wannan ba komai ba ne. Ban taɓa yin nadama irin ta wannan lokaci ba.

Muryar ta maimaita. Ta tsaya.

A gefen shafin na hango wasu ƙananan zane-zane ja, kamar sawun tururuwa. Na ƙara girman hoton. Na ƙara. Ajami ne. Wani daga cikin malaman gidan ya bi layi-layi ya rubuta fassarar da Hausa a gefe, da ƙaramin alƙalami.

Na fara haɗa baƙi kamar ɗan shekara bakwai.

"Wanda aka ba ajiya," na ce, "ba ya sauke ta don gajiya."

"Na'am," in ji muryar.

Ta karanta sauran rabin layin. Shi ne karo na farko da na ji ta wuce wurin nan.

"Sai ya mayar wa mai ita. Ko ya danƙa wa wanda zai riƙe."

"Na'am."

Haka muka bi shafin. Yana karantawa, ina bin jan rubutu da ido ina faɗa. Inda tawada ta goge na yi ta kame-kame, ya jira ni bai ƙosa ba. Gumi ya haɗu da jinin goshina yana shiga min ido, ban iya ɗaga hannu na share ba. Muka kai layin ƙarshe. Ya tsaya, na san shafi na gaba yake jira.

Kalmomin mahaifina suka zo min, yadda yake faɗa yana rufe littafi, sai na faɗe su.

"To, mu dakata nan. Wallahu a'alamu."

Aka sauke wata doguwar ajiyar zuciya, har takardun da ke cikin jakata suka motsa. Na ɗaga hannu na yi fatiha, na ji ana shafawa tare da ni. Tabarmar ta yi ƙara, lotsawar ta baje. Iska mai ƙamshin tuwo ta shigo ta ƙofa, da kukan akuya.

Na fara ja da gindi zuwa ƙofar. Saura taku ɗaya.

"Allah gafarta Malam," in ji muryar, daga sama da kaina yanzu. "Sai gobe."

"Allah ya kai mu," na ce.

Bakina ne ya amsa, kamar yadda yake amsa wa kowa tun da na iya magana. Sai da na faɗi warwas a tsakar gida na ji abin da na ce.

Ana kiran isha. Zakiyya na tsaye tana kuka, Iya Hajo na riƙe da hannunta gam. Daga baya Zakiyya ta gaya min cewa ƙofar a buɗe take tun da na shiga. Suna hango ni zaune a kan buzu, ban motsa ba ko sau ɗaya, ta yi ta kirana ban waiwayo ba. Da ta yunƙura za ta shiga, Iya ta riƙe ta, ta ce ba a katse karatu. Ciwon goshina kuwa ba wanda ya ga lokacin da na ji shi.

Iya Hajo ta sunkuyo, ta tsinci farin gashin buzu a jikin wandona, ta duba shi a hasken fitila.

"Ya ce maka sai gobe?"

Na gyaɗa kai.

"Ka amsa?"

Na sake gyaɗa kai. Ta yi hamdala a hankali, ta ce a ba ni ruwa in rama magariba, a kuma zubo min tuwo. Zakiyya ta ce a daren nan Iya ta yi barci har sai da aka tashe ta sallar asuba.

Washegari na rantse ko hanyar Ƙofar Gayan ba zan kalla ba. Na zauna a shago na yini ina aiki. Da aka kira magariba na yi salla a masallacin bakin titi, na dawo in kulle. Kwamfutocin mutane huɗu ne a kan bencina, ɗaya ma na cire mata batir da komai. Dukansu a kunne na same su, da shafi na arba'in da biyu a fuskarsu. Na juya zan fita, na ga ƙofar shagona ta gajarce, sai an sunkuya. Na ce da ƙarfi, "Ga ni nan zuwa." Sannan ta bar ni na wuce.

Yau wata bakwai ke nan. Kullum a masallacin lungun su Zakiyya nake magariba, in shiga da sallama, in fito da isha. Na kwafe hotunan a wuri uku, na kuma sa kundin nan ya riƙa share kansa duk mako, kwamfutar ba ta sake ciwo ba. Jan rubutun gefe ya ƙare a shafi na sittin. Tun daga nan, kowace safiya bayan asuba nake zuwa wurin wani tsohon abokin mahaifina a Ƙofar Kuyambana, in durƙusa a tabarma in ɗauki karatun da zan bayar da yamma. Yana murna, yana cewa addu'ar Malam Muhsin ce ta kama ni. Ban gaya masa komai ba.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambayi Iya Hajo. Na ce garin nan cike yake da malamai na gaske, me ya hana a kira ɗaya tun tuni ya rufe karatun. Ta ce an kira, har mutum uku, manya. Kowannensu ya shiga ya yi addu'a, amma da aka nuna masa buzun sai ya ja da baya, ya ce shi bai isa ya zauna a wurin Malam Mika'ilu ba.

"Duk masu ladabi ne," in ji ta, tana jan carbinta. "Shekara bakwai ina roƙon Allah ya kawo wanda zai zauna."

Littafin shafi ɗari uku da goma sha biyu ne, muna na casa'in da shida. Na kan yi lissafi in ce shekara biyu in Allah ya so na huta. Jiya, bayan mun rufe karatu, na ji an buɗe wani wuri a kwamfutar, na waiwaya. Jerin sauran littattafan da Zakiyya ta ɗauka ne, ana bin su ɗaya bayan ɗaya a hankali. Na tsaya na ƙirga, saba'in da huɗu ne. Ɗalibin nawa ba ya gaggawa, ba ya fashi, kuma ban ji alamar tsufa a muryarsa ba.